Amsoshin Tambayoyinku: Injin na kuka, mota ba ta gudu, kuloci ne ko iska?

TAMBAYA: Ni direba ne a Jidda, ina zaune a unguwar Aziziyya. Ina tuƙa Hilux mai giyar hannu ta kamfanin da nake yi wa aiki, ina raba kaya a shaguna cikin gari, wani lokaci har Makka da Ɗa'if. Kwanan nan idan na ɗauko kaya ina hawa gadar sama, na taka totur, sai injin ya yi ta kuka amma mota ba ta ƙara gudu, har in riƙa jin ƙauri a cikin mota. Da safe kuma idan zan sa ribas sai giya ta yi ƙara kamar za ta tsage. Bakanike ɗaya ya ce a sauke giya a canza kuloci gaba ɗaya, wani ya ce iska ce kawai ta shiga mai. Maigidana kuma ya ce ni na ƙona shi, zai cire kuɗin gyara a albashina. Maganar wa zan bi?
Daga wani mai karatu, Aziziyya, Jidda.

AMSA: Malam, Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Wasiƙarka ta zo da alamomi biyu, kuma ba lallai ne ciwo ɗaya ya haife su ba. Mai yiwuwa kanikawan nan biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa gefen da ya gani ya kama. Don haka kada ka yarda a kwance giya tukuna. Akwai gwaje-gwajen da za ka yi da kanka a ƙofar gida, ba ka kashe ko riyal ɗaya ba, su za su nuna maka inda matsalar take.

Ga yadda abin yake aiki. A bayan injin akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, filawil, wanda yake juyawa tare da injin. A jikinsa faifan kuloci yake kwance, fuskokinsa biyu an lulluɓe su da abu mai kaushi irin na birki, tsakiyarsa kuma tana zaune a kan sandar da ta shiga cikin giya. Sai murfi mai ƙarfin sifirin da yake matse faifan a jikin filawil. Muddin ƙafarka ba ta kan feda, a matse suke, injin da giya sun zama abu ɗaya. Da ka taka, mai zai taso daga masta na sama, wanda ke bayan feda, ya bi bututu zuwa masta na ƙasa da ke jikin giya. Shi kuma ya tura wani ƙarfe mai baki biyu, ƙarfen ya tura biyarin, biyarin ya danna yatsun sifirin, faifai ya saki. Aikin kuloci ke nan, ya kama idan an sake shi, ya saki idan an taka shi. Kukan injin a kan gada yana nuna ba ya kamawa sosai. Ƙarar ribas tana nuna ba ya saki sosai.

Mu fara da na farko, tun da shi ne mai cin kuɗi. Nemi fili inda babu mota ko mutum a gabanka, bayan injin ya yi zafi. Ja birkin hannu da kyau, taka kuloci, sa giya ta 4, ƙara totur kaɗan, sannan ka saki kuloci a hankali har ƙarshe. Lafiyayyen kuloci zai kashe motar nan take. Idan ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya injin yana nan yana aiki, ko ya ja daƙiƙa biyu uku kafin ya mutu, faifai yana sulɓi. Sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta maimaitawa, domin gwajin kansa yana cin faifai. Gwaji na biyu a kan titi ne. Idan ka samu hanyar Haramain ta yi sauƙi, ka sa giya ta 4 kana gudun kilomita 50 zuwa 60, sai ka danne totur lokaci guda kana kallon allura biyu. Idan allurar injin ta yi tsalle sama, allurar gudu kuma tana nan tana jan ƙafa, magana ta ƙare. Ka lura kuma da inda kuloci yake kamawa. Idan sai ƙafarka ta kusa rabuwa da feda sannan mota take motsawa, alama ce faifai ya yi siriri.

Amma ko gwajin ya nuna sulɓi, akwai abu ɗaya da nake so a duba kafin a ɗauko jak. Sa hannunka a kan feda ka danna a hankali. Ya kamata ka ji ta tafi a banza kaɗan kafin ka ji nauyi. A yawancin motocin Toyota wannan sararin milimita 5 zuwa 15 ne. Idan babu shi sam, wato wani ya taɓa ɗaure sandar da ke bayan feda fiye da kima, to man da ke cikin bututu ba ya samun hanyar komawa kwalbarsa. Da ya ji zafi sai ya kumbura, ya riƙa tura biyarin kamar kana taka kuloci rabi, alhali ƙafarka tana ƙasa. Irin wannan motar da safe lafiya lau take, sai rana ta take a fara sulɓi. Gyaransa sifana biyu ne da minti goma. An sha sauke giya a kan wannan, a sa sabon kuloci, bayan wata uku shi ma ya ƙone, domin ba a taɓa asalin cutar ba.

Sai ka leƙa ƙarƙashin mota, daidai inda injin ya haɗu da giya. Idan wurin ya jiƙe da mai, to robar da ke tare mai a bayan injin ko a gaban giya ta saki, mai yana ɗiga a kan faifai. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa, canza shi za a yi, amma dole a canza robar tare da shi.

Yanzu ƙarar ribas. A motoci da yawa masu giyar hannu, ribas ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, irin wanda sauran giyoyi suke da shi. Shi ya sa ita ce take fara tona asirin kulocin da ba ya saki. Ka gwada haka: mota tana aiki, giya a firi, taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga zuwa biyar a zuciyarka, sannan ka sa ribas. Idan ta shiga shiru, babu matsala, gaggawa ce kawai irin ta direban da ake jira. Idan har yanzu ta yi ƙara, sake gwadawa, amma wannan karon ka bubbuga feda sau huɗu ko biyar da sauri kafin ka danne. In ta shiga lafiya bayan bubbugawa, bakanike na biyu ya yi gaskiya, iska ce a cikin mai ko robar masta ta gaji. Wani gwajin kuma, kashe injin ka zagaya duk giyoyin. Idan suna shiga sumul a kashe, suna ƙi a kunne, laifin kuloci ne. Idan a kashen ma suna tauri, sai a duba man giya da sandunan da ke haɗa hannun giya da cikinta.

Buɗe bonet ka dubi kwalbar man kuloci. A wasu motoci tana da tata kwalbar ƙarama, a wasu tana tarayya da ta birki. Sabon mai garau yake, ɗan rawaya-rawaya. In ka tarar da shi baƙi ƙirin, robobi sun fara narkewa a ciki. In ya ragu, to yana fita ta wani wuri, domin wannan man ba ya ƙonewa. Haska fitilar wayarka a bayan feda, ta cikin mota, ka taɓa sandar da ta shiga masta na sama. Idan yatsanka ya fito da danshi, ko ka ga dardumar wurin ta jiƙe, shi ne yake yoyo. Na ƙasa kuma, ka janye robar da ke rufe bakinsa, in mai ya zubo ka kama ɓarawon.

A nan garinku yana da nasa hannun a cikin lamarin. Man kuloci man birki ne, kuma ɗabi'arsa ce ya sha ruwa daga iska. Jidda a bakin Bahar Maliya take, kowa ya san gumin da ake yi a can cikin bazara. Man DOT 3 sabo sai ya kai zafin digiri 205 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa ma'auninsa yana saukowa zuwa 140. DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 idan ya jiƙe. Ruwan da ke ciki kuma yana cin jikin masta ta ciki, tsatsa ta yayyaga roba. Ni a ganina duk mai mota a Jidda ya canza wannan man duk shekara 2, ko da bai ga komai ba. Ka duba murfin kwalbar, an rubuta irin wanda ake zubawa. Kada ka kuskura a zuba man injin ko man sitiyari a ciki, ko da cokali ɗaya ne, domin cikin kwanaki kaɗan duk robobin za su kumbura.

Ban sani ba ko ka taɓa ratsa ruwa da motar. Mutanen Jidda ba su manta da ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 100, ga kuma ta 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna ruwa milimita 179 cikin 'yan sa'o'i. Motar da ta shiga ruwa har ya kai cikin giya, aka ajiye ta kwana biyu, faifanta yakan manne da filawil saboda tsatsa, ko tsakiyarsa ta cije a kan sanda ya kasa zamewa. Ruwan kuma yana wanke giris ɗin biyarin, bayan wata ɗaya ko biyu ka fara jin kuka. Duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, ka ɗan yi yawo da motar kana canza giya har ta bushe kafin ka ajiye ta.

Da na ambaci kuka, ga yadda ake rarrabe shi da kunne. Ƙarar da take zuwa da zarar ka fara taka feda, ta tafi idan ka saki, ta biyarin kuloci ce. Wadda kake ji a firi ƙafarka a sama, ta ɗauke da ka taka, tana cikin giya ne, a biyarin sandar gaba, kuma canza kuloci ba zai kashe ta ba. Idan kuma motar tana karkarwa lokacin tashi a giya ta 1, kafin a zargi faifai a fara duba robobin da injin da giya suke zaune a kai. Sau da yawa su ne suka tsage.

To, a ce ka yi duk wannan, sararin feda daidai yake, an fitar da iska, an sa sabon mai, ribas ta yi shiru, amma sulɓi yana nan. Daga bayaninka, kaya a baya, hawan gada, ga ƙauri, zuciyata ta fi karkata ga cewa faifan ya ƙare, bakanike na farko zai sauke giyarsa. Babu maganin da ake zubawa ko ɗaurin da ake yi ya mayar da naman faifan da ya cinye. Kuma jinkiri yana ƙara kuɗi, domin idan ƙusoshin da ke riƙe da faifan suka fito fili za su fara karce filawil da murfi. Kada ka sake ɗaukar hanyar Hada, mai hawa dutse zuwa Ɗa'if, da ita a haka. Ɗa'if tana sama da mita 1,800 daga teku, kulocin da ya kasa gadar cikin gari ba zai kai ka rabin dutsen nan ba, sai dai ka kira sadaha, motar ɗaukar mota, ta ɗauko ka.

Idan za a sauke, a yi aikin sau ɗaya. Mafi yawan wahalar a saukewa da mayarwa take, saboda haka a canza faifai da murfi da biyarin tare, har da ƙaramin biyarin da ke tsakiyar filawil idan motar tana da shi. Canza faifai kaɗai a bar tsohon murfi tattalin da yake komawa asara ne. A shagon kayan gyara a nan Saudiyya, faifai shi ne sahan kalatsh, murfi disk, biyarin fahma, filawil kuma hazzaf. Ka riƙe sunayen nan don kada a ba ka biyu a rubuta uku. Ka tafi da lambar shasi da ke cikin istimara, takardar rajistar mota, domin Hilux mai fetur da mai dizal ba kuloci ɗaya suke amfani da shi ba.

Game da inda za a saya, kayan Toyota na asali suna zuwa ta hannun kamfanin Abdul Latif Jameel, wanda cibiyarsa a Jidda take, kuma tun 1955 yake dillancin Toyota a ƙasar. Idan kuɗin ya yi wa kamfani yawa, Aisin da Exedy kamfanonin Japan ne da suke ƙera wa masu haɗa motoci kuloci, akwai kuma Valeo na Faransa da LuK da Sachs na Jamus. Abin tsoro shi ne jabu a cikin kwali mai kyau. Idan aka yi maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa, ka tuna araha ba ta ado. Ka karɓi fatura, wato rasiti, mai sunan shago da lambar kayan, domin da ita za ka iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci a lamba 1900 in aka cuce ka. Tashlihi kuwa, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, wuri ne mai kyau na sayen giya ko ƙofa ko fitila, amma ban ba ka shawarar sayen faifan kuloci a can ba. Abin da yake ƙarewa da aiki ba a sayen tsohonsa.

Ranar aikin, ka tsaya a wurin in da hali. Da an zare murfi ka dubi fuskar filawil. Idan ka ga tabo shuɗi-shuɗi, ko ƙananan tsaga, ko ka shafa da farce ka ji rami, a kai shi wurin mai injin gyaran ƙarfe a share fuskar. Sabon faifai a kan ƙonannen filawil karkarwa zai yi tun ranar farko. Wasu motocin, musamman masu dizal na zamani, filawil ɗinsu gida biyu ne da sifirin a tsakani, irin wanda LuK ya fara fitarwa a 1985. Wannan ba a cika share shi ba, in ya saki sai sabo. Ka sa ido a ga an dubi robar man bayan injin tun da wurin a buɗe yake, an shafa giris kaɗan a haƙoran sanda, ba a cika shi ba har ya fantsama kan faifai, an kuma daidaita faifan a tsakiya da sandar daidaitawa kafin a ɗaure. Kada a bar nauyin giya ya rataya a kan faifai lokacin mayarwa, yana lanƙwasa shi. Ƙurar da ke ciki kuma kada wani yaro ya hure ta da iskar kwamfaresa a gabanka, ba abin shaƙa ba ce. Bayan an gama, ka lallaɓa motar kilomita 500 na farko, ba kaya mai nauyi, ba fizga.

Saura maganar maigida, wadda na san ita ta fi damunka. Kuloci abu ne mai ƙarewa kamar taya da birki. A hannun direba mai kula yakan wuce kilomita 100,000, wani ya ninka haka a doguwar hanya. Motar da take yini a cunkoson titin Falasɗinu da titin Madina da Sittin, tana tsayawa tana tashi da kaya a baya, ba za ta kai wadda take zirga-zirga tsakanin Jidda da Madina ba. Don haka a fara duba kilomita nawa motar ta yi, kuma yaushe aka canza na ƙarshe. Sannan a ajiye tsohon faifan a gaban kowa, gani ya kori ji. Faifan da tsufa ya cinye yana suɗewa bai ɗaya, ya yi siriri har ƙusoshi su kusa fitowa. A littafin gyaran Toyota, idan zurfin da ya rage a kan ƙusa ya gaza milimita 0.3, ya gama aiki. Wanda aka ƙona kuwa za ka gan shi da sauran kauri, amma fuskarsa ta yi baƙi tana sheƙi, ko ta farfashe, murfi da filawil sun yi shuɗi. Wanda mai ya jiƙa shi ma a fili yake, kuma wannan babu ruwan direba.

Ban ce ba ka da laifi ba, kai ka san yadda kake tuƙi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah. Kana ɗora ƙafa a kan feda kana tafiya? Nauyin ƙafa kaɗai ya isa ya sa biyarin ya yi ta juyawa, faifai ya riƙa sulɓi kaɗan-kaɗan. A danja kana zama a giya ta 1 kuloci a take har ta ba da hannu, maimakon ka koma firi? A hawan gada cikin cunkoso kana riƙe mota da rabin kuloci maimakon birkin hannu? Wannan na ƙarshe shi ya fi kowanne kisa, minti ɗaya a haka ya fi tafiyar yini guda cin faifai. Haka tashi a giya ta 2 da kaya, da lodin da ya wuce ƙarfin mota. Idan lodin umarnin kamfani ne, ka faɗa musu haka a fili.

Ko da an tabbatar laifinka ne, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa iyaka. Sashe na 91 ya ba mai aiki damar cire kuɗin gyaran abin da ma'aikaci ya lalata da kuskurensa, amma abin da za a cire kada ya wuce albashin kwana 5 a kowane wata, kuma ma'aikaci yana da damar kai ƙorafi idan bai yarda ba. Wannan ga ma'aikacin kamfani ne irinka, direban gida tsarinsa daban.

Gobe da safe, kafin ka ɗauki kaya, ka taɓa feda da hannu, ka dubi kwalbar mai, ka yi gwajin ribas da na birkin hannu. Idan an kai ga sauke giya, ka ɗauki hoton tsohon faifai gaba da baya tare da filawil, kuma kada ka sa hannu a takardar cire albashi sai an nuna maka su.